Alƙalin Jita

Alƙali ake ce masa, ba don ya taɓa zama a kotu ba. Makaɗan garin ne suka laƙaba masa sunan, saboda in ya saurari jita ya yanke mata hukunci, to babu ɗaukaka ƙara. Shagonsa yana ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule, dogo siriri kamar lungu, jitoci rataye a bango dama da hagu.

Duk cikinsu ya fi son masu rabin kogo, wato jitar lantarki da aka rarake gefenta biyu aka bar sandar katako a tsakiya, ga tsaga biyu a fuskarta. Yakan ce marar kogo inji ce kawai, mai cikakken kogo kuma da an ƙara mata murya sai ta hau ihu, amma mai rabin kogo numfashi take yi. Iri uku ne ba sa yankewa a shagon. Akwai ja mai faɗin ƙugu, muryarta kauri da ɗumi, in an taɓa tsirkiya amon ya daɗe bai mutu ba. Akwai baƙa siririya, mai kaifi, tana cizo a sama. Sai wata ƙarama mai ruwan zuma, wadda ya ce ta hanci take magana, amma a cikin taron kayan kiɗa ita ake fara ji.

Kunnensa gaskiya ne, bakinsa kuma wuƙa. Mutum zai shigo da murnarsa ya ɗauki jita ya kaɗa, Alƙali ya bar shi sai ya kai tsakiya, sannan ya miƙa hannu ya kashe lasifika.

"Ajiye ta, ba ta yi maka laifin komai ba."

Haka ya yi wa wani saurayi da ya daɗe yana zarya yana gwada jar nan. A gaban mutane ya kama yatsunsa ya jujjuya, ya ce, "Waɗannan na ɗaukar kaya ne. Je ka tasha, ana neman irinka." Shago ya ɗauki dariya. Saurayin ma ya yi dariya, daga ranar bai sake kiɗa a gaban kowa ba. Amma bai daina zuwa ba, don 'yar Alƙali ce ke zama a kanta da rana. Ita ma tana ƙarama takan yi waƙa tana shara, har ranar da uban ya ce mata muryarta irin ta jitar da wuyanta ya karkace ce, ba ta gyaruwa. Waɗannan biyun suka yi aure. Alƙali bai hana ba, ya dai ce sun dace.

Shekarun da ya yi yana zama dab da lasifika ba su tafi a banza ba. Da farko tsirkiyoyi ya fara zargi. Za a ɗaura sababbi fil, ya taɓa, ya ce sun mutu. Sai ya koma murɗa maɓallin kaifi har ƙarshe, masu saye suna yamutsa fuska shi ko a jikinsa. 'Yar ce ta fara ganewa, ranar da butar shayi ta yi ta fito a kan risho yana zaune kusa da ita bai motsa ba.

"Baba, mu je a duba maka kunnen nan."

"Kunnen wa? Ke da ba ki san bambancin ja da baƙa ba?"

Ba ta sake tayar da maganar ba.

A lokacin surukin ne ke riƙe da shagon, don shi ya iya odar kaya da hulɗa da masu saye ta waya. Ya fara ɗaukar bidiyo yana sakawa a intanet, ana gwada wannan jita da waccan, mutane suna kallo suna gardama. Wata safiya ya jawo kujera ya ajiye a tsakiyar shago, ya rusuna.

"Baba, mutane na ta tambayar ka. Wai da gaske ne kana gane su ko ba ka gani? Na ce musu wannan ai wasa ne a wurinka."

Alƙali ya dube shi, ya dubi wayar da aka kafa a kan sanda, ya dubi mai gyaran waya da wasu makaɗa da suka tsaya a bakin ƙofa. Babu hanyar cewa a'a. Ya zauna, 'yarsa ta ɗaure masa ido da ƙyalle.

Surukin ya ɗauko jar, ya nuna wa waya, ya kaɗa. Tsoho ya karkata kai.

"Mai ruwan zuma. Ga hancin nan."

"Ka ji manya!" in ji surukin. Ya yi motsi kamar yana sauyawa, ya sake kaɗa jar.

"Baƙa. Wannan cizon ko a kabari na san shi. Jitar yara ce, ba ta da ciki."

Mai gyaran waya ya toshe bakinsa da hannu. Surukin ya ce, "Saura ta ƙarshe, Baba, a nutsu." Ya ajiye jitar a kan kanta, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya tsaya. Babu abin da ke ƙara a shagon sai fanka. Alƙali ya zauna ido a ɗaure, yana gyaɗa kai a hankali, har yana buga ƙafa. Da ya ga kamar ya isa, sai ya ɗaga yatsa.

"Yawwa. Wannan ita ce ja. Kun ji ɗumin? Kun ji yadda take jan numfashi? Sai dai mai kaɗawar ne har yau hannunsa bai nuna ba."

Dariyar da ta fashe har mai labule sai da ya leƙo. Ita tsohon ya ji, don ta yi ƙarfi. Ya cire ƙyallen yana murmushi, ya zaci ta cin nasara ce. Sai ya ga jitar kwance a kan kanta, ya ga hannuwan surukinsa a harɗe.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga garin. Waɗanda ya taɓa kashe wa lasifika suka yi ta turawa juna. Wani mai kiɗan otal da ya taɓa kora ya zo takanas, ya tsaya a gabansa yana kaɗa iska da hannu, ya ce da ƙarfi, "Alƙali, wannan wace iri ce?" Yaran layin suka ɗauka, in ya wuce sai su yi ta gyaɗa kai suna buga ƙafa.

Ya sami 'yarsa a kicin tana wanke kwanuka.

"Da saninki aka yi?"

"Ni na ɗaure maka idon, Baba."

"Me kika ce?"

Ta juyo ta maimaita da ƙarfi, kalma kalma, ta koma ga kwanukanta.

"Ki ce wa mijinki ya cire bidiyon nan."

"Tun da aka buɗe shagon ba a taɓa ciniki irin na makon nan ba. Kuma ai kai ka koya mana a faɗa wa mutum gaskiya a gaban jama'a."

Bai daina zuwa shago ba, don bai san wani wurin ba. Sai dai ya bar kujerarsa ta gaba ya koma ɗakin baya inda ake ajiye kwalaye, yana ɗaura tsirkiya yana goge ƙura. A can ya gano wata dabara. In ya ciji kan jita da haƙoransa ya taɓa tsirkiya, amon yakan bi ta ƙashin muƙamuƙinsa ya shiga kansa. Ba duka ba, amma kaurin ja yana zuwa, hancin mai ruwan zuma ma yana zuwa. Baƙar ce kawai ta ƙi. Yakan tura ƙofa ya zauna a kan kwali, jita a baki, miyau na zuba a rigarsa, ya yi ta taɓa tsirkiya ɗaya.

A haka surukin ya same shi, da sabuwar ja da aka sauke ranar. Ya zaro waya ya ɗauki bidiyo son ransa. Sannan ya zare jitar daga bakin tsohon, ya duba sawun haƙora a jikin fentin.

"Haba Baba. Kayan sayarwa ne fa. In yunwa kake ji ka yi magana."

Ranar ya karɓe makullin ɗakin baya. Ya ce wa matarsa tsohon ya fara ruɗewa, gara ya zauna a gida ya huta. Ta ce to.

Bidiyo na biyu ya fi na farko tafiya. Jitar mai sawun haƙora ba ta kwana biyu a bango ba, wani mai gidan rawa ya aiko aka ɗauke ta, ya sa aka yi mata akwatin gilashi ya rataye ta a saman kanta inda ake sayar da lemo, ba a kaɗa ta.

Alƙali yana nan a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidan 'yarsa. Kunnen ya ƙarasa tafiya. Ana kai masa abinci a kan lokaci, ana wanke masa kaya, ba wanda zai ce an wulaƙanta shi. Har yanzu da safe yakan yi wanka ya sa rigar fita ya zauna a bakin gado, ko surukin zai ce su tafi tare. Surukin yakan leƙo, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, yana motsa baki ba tare da ya fitar da murya ba. Tsohon ya amsa da "lafiya lau." Surukin ya tashi ya ja ƙofar.