Ƙasar Ramin Malam Idi

Har yau ranar da ƙasar raminmu ta ɓace a wani kufai kusa da Guci ba ta fita raina ba. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara bi da bi.

Lokacin ina aiki a sarwis ɗin al'adu na Dungas, wato ofishin al'adu, aka haɗa ni da wata malamar jami'a mai binciken tsofaffin garuruwa. Madam muke ce mata, ni kuwa Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. Kufan yana cikin gonar wani dattijo, Malam Idi. A gaban mai gari na yi masa alkawari: kafin ruwan shuka za mu cike ramin, mu mayar masa da gonarsa.

Ga tsarin aikin. Da farko a ja igiya, a shata wurin tono. Sannan a kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, a tace ta da rariya, a tara ta gefe, domin da ita za a cike ramin. A sama mun samu mazari da tsingaro mai zane. Ƙasa da nan, gindin rumbuna da kashin maƙera. Can ƙarshe sai dutsen niƙa da ƙonannen gero. Madam ta ce 'yan bukkoki ne suka zama gari, garin ya tashi, wurin ya koma gona.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, na ba da umarnin cikewa. Muka isa da safe, tulin baƙar ƙasar nan babu shi. Sai sawun amalanke. Na bi sawun, ya kai ni ƙarshen gonar, inda na tarar da Malam Idi yana baza ta da kwando.

Na ce, "Baba, wannan ƙasar bincike ce!"

Ya ce, "Mushe, ai kun gama tankaɗe ta kamar garin tuwo. Tokar kakannina ce da kashin awakinsu. Kun ɗauki fasassun tukwane, ban ce uffan ba. Ni taki kawai na ɗiba."

"To ramin fa? Da me zan cike shi?"

"Wannan kuma kai ka yi alkawari, ba ni ba."

Madam ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. Na koma wurin mai gari, aka kira gayya, amalanke suka yi ta jigilar yashi daga ƙorama. Malam Idi da kansa ya zo duba mu, yana cewa a daddanna da kyau kada san amalankensa ya faɗa ya karye. Muna take bakin ramin yayyafi ya sauko.

Abin da na koya ke nan: kufai a wurinmu tarihi ne, a wurin manomi taki. Duk wanda zai yi tono a gonar mutum, ya yi magana a kan tulin ƙasa tun kafin ya ja igiya.