Sojan da Ke Ɗinki da Hagu

Mahaifina bai bar mini hoto ba. Ya bar mini gona kusa da Yekuwa, da alluran ɗinkin hula guda uku, da kunnuwan nan da jikokina ke cewa ko rana ta yi zafi ba na bukatar malafa. Ina ɗan shekara huɗu ko biyar ya rasu. Abu biyu na riƙe game da shi: Nasara sun ɗebe shi yana saurayi zuwa yaƙin Jamus na farko, kuma shi bahago ne. Tuwo dai da dama yake ci, don an dake shi yana yaro har hannun ya koya. Amma allura da wuƙa da marin yaro, duk da hagu. Na ƙarshen nan ni kaina shaida ne.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, aji uku cur, kafin ni da mushe, wato malaminmu, mu rabu lafiya, shi ya gaji, ni ma na gaji. A shekarata ta biyu aka kawo majigi. Kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a filin bariki, aka kafa sanduna biyu, aka ɗaura farin ƙyalle, bayan magariba aka ta da inji. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, yana kan kujera, gardawansa masu tsaron bariki na tsaye, manyan gari a kan tabarmi, 'yan lakwal a ƙasa gabansu. Mata da mutanen ƙauye aka kora su bayan ƙyallen, tunda hoton yana ratsawa ta can ma. Ni kuwa, duk wanda ya taɓa jin labarin nan daga bakina ya san a gaba na zauna, dab da takalmin kumandan.

Silimar tun a lokacin tsohuwa ce, ba ta magana. Mutanen ciki suna tafiya da sauri kamar cinnaku sun shiga wandonsu. Wani tafinta ne ke tsaye da ƙahon gwangwani yana yi mana bayani. Da sojoji baƙar fata suka fito ya ce waɗannan duk 'yan Magariya ne, Sarkin Jamus in ya ji sunan garin nan ba ya iya cin abinci. Daga baya muka ji a Dungas ya ce 'yan Dungas ne. Sojojin suna fareti suna dariya, suna karɓar burodi suna dariya, suna hawan tudu da bindiga suna dariya. Ban taɓa ganin yaƙi mai yawan haƙora irin wannan ba.

Sai ga wani dogon soja zaune a kan akwati shi kaɗai, rigarsa a cinya, yana ɗinke maɓalli. Ya ja zare, ya ɗago kai, ya yi murmushi. Allurar tana hannunsa na hagu.

Wata tsohuwa daga cikin matan ta ce wallahi wannan mijin wance ne, tana nufin innata, wadda ta zo daga ƙauye ganin abin mamaki. Kada a tambaye ni yadda na ji maganar tsohuwar alhali ina gaba. Na riga na faɗa muku irin kunnuwan da na gada.

Washegari na je in yi wa taubashina albishir, ɗan kawuna, sa'ana. Shi ma mahaifinsa ya je yaƙin, shi ma ya rasu muna ƙanana. Yayansa gardi ne a bariki, don haka a gaba aka zaunar da shi. Kafin in buɗe baki ya ce ya ga babansa jiya yana ɗinkin maɓalli. Na ce ai kawu ba bahago ba ne. Ya ce wane bahago, da dama mutumin ke ɗinki, kowa ya gani. Muka yi dambe har rigata ta lakwal ta yage.

Muka kai ƙara wurin inna, tunda ɗaya mijinta ne, ɗaya yayanta. Ta ce ita ba ta ga kome ba. Tana jin an ce mijinta ne ta ja zane ta rufe fuska, don ba a haife ta a gidan da mace ke tsayawa kallon mijinta a bainar jama'a ba. Muka ce to ai ya rasu. Ta ce rasuwa ba ta cire kunya. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

Gardamar nan ta yi shekara saba'in da ɗori. Mun yi aure, mun aurar, haƙoranmu sun zube, tana nan. Taubashina ya koma Sassumbrum da zama, kuma duk ranar kasuwa in ya hango ni sai ya ce wa mahauta su ɓoye iyayensu, ga mai satar uba ya iso. Ni kuma in ce a ba makaho hanya, wanda bai san hagu da dama ba. Wani malami ya taɓa zaunar da mu don sulhu. Na rantse hagu na gani, ya rantse dama ya gani, aka jira mako guda a ga wanda rantsuwa za ta ci. Ba wanda ko mura ta kama.

Jama'a sun ɗauke shi wasan taubasai, kuma wasa ne. Amma zan faɗi abin da ban cika faɗa ba. In na yi wa mahaifina addu'a, fuskar sojan nan nake gani. In ya zo mini a mafarki, da ita yake zuwa. Ba ni da wata. In aka karɓe ta, abin da zai rage mini allura uku ne da zafin mari.

Bara bayan an gama girbi, jikata da ke koyarwa a Magariya, wadda nake kira amarya, ta aiko cewa ta samo silimar. Ashe Faransawa ba sa zubar da kome. Sun adana tsofaffin silimomin yaƙinsu, kowa na iya gani ta ordinatar, wato kwamfuta, ita kuma ta yi makonni tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana neman soja mai ɗinki. Na ce mata ba sai ta wahala ba, ni na riga na gani. Ta ce ango ya kwantar da hankalinsa, ranar Lahadi tana tafe, ta kuma aika wa tsohon Sassumbrum.

Ta zo a kan kabu-kabu. Shi ya zo a amalanke, sanye da rigarsa ta Juma'a, kamar mai zuwa karɓar sarauta. Bayan azahar muka gwada a zaure, haske ya hana mu gani, sai muka shiga ɗakin uwargida aka ja ƙofa: ni, da shi, da amarya, da uwargida a bakin gado tana ɓarar gujiya, ta ce ita ba kallo ta zo ba, ɗakinta ne.

Da rubutu ya fito na ce a tsaya, mai ilimi zai karanta. Na ɗauki lokacin da za a iya dama fura a sha kafin in kai ƙarshen layi biyu. Abin da ya ce, wai baƙaƙen sojojinsu jarumai ne, sun ƙoshi, suna murna. Na duba sama da ƙasa, babu Magariya, babu Dungas. Amarya ta ce masu ajiyar sun rubuta cewa a wani sansani aka ɗauka, nesa da fagen daga, hawan tudun ma shirya shi aka yi don a nuna wa mutanen gida. Taubashina ya ce shi dama tun yana yaro yake mamakin yaƙin da ba wanda ko tuntuɓe ya yi.

Sai ga akwatin. Ga dogon soja, ga riga a cinya. Na matso kusa. Ya ja zare, ya ɗago kai, ya yi murmushi.

Allurar tana hannunsa na dama.

Na ce a maimaita. Aka maimaita sau uku, bai canja hannu ba. Na ce Faransawa sun taɓa abin, ai mutanen da suka shirya tudu ba za su kasa shirya hannu ba. Taubashina ya fara wata dariya marar sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Ni kuwa na ƙura wa hoton ido. Ina kallon mutumin nan da na sani shekara saba'in, sai na ga baƙo.

Uwargida ba ta ɗago daga gujiyarta ba ta ce, "Malam, a ina ka ce ka zauna a ranar?"

"Kusa da kumandan."

"Inna kuwa ta ce mini a bayan ƙyalle kake, riƙe da zanenta. Wai da aka juyo da bakin igwa har cikin zanen ka shige."

Shekara hamsin da wani abu matar nan tana riƙe da wannan magana, tana ji ina ba baƙi labarin takalmin kumandan, tana miƙo musu ruwa. Gaskiyar kuwa ita ce, a makon nan na gudu daga lakwal, don an kama ni ina Hausa a aji, mushe na jirana da bulala. Da na je gaba da ya gan ni. Shi ya sa na laɓe cikin mata. Na fara ƙaryar zaman gaba ne washegari don kada taubashina ya fi ni, daga nan ta girma tare da ni.

Uwargida ta kakkaɓe zanenta, ta sauko da madubinta daga bango, ta ce in juya wa ordinatar baya. Ta riƙe mini shi, ta ce amarya ta sake kunnawa. A cikin madubin sojan ya ja zare da hagu, ya ɗago kai, ya dube ni.

"Ga babanka nan," in ji ta. "Gaishe shi ka ba ni madubina."

Wato mu na bayan ƙyalle a juye muka ga yaƙin Jamus gaba ɗaya. Ni ban yi ƙarya a rantsuwa ba, shi ma bai yi ba. Da na faɗi inda na zauna tun farko, da ko jakin amalankensa ya raba mana gardamar.

Da la'asar na raka shi wurin amalanken. Na shirya jin tsiyar da zai yi mini, na san kuma kafin kasuwa ta ci labarin zanen inna ya kai Sassumbrum. Sai ya tsaya yana gyara linzami, ya ce kunnuwan mutumin nan ƙanana ne, ba na gidanmu ba ne. Ya ce kuma babansa, kowa ya shaida, gajere ne, ko zare bai iya sa wa allura ba. Na ce to tun yaushe ya san haka. Ya ce tun kafin ya yi auren fari.

"To me ya sa ka hana ni sakat duk shekarun nan?"

"In na bar maka shi, me za mu yi a kasuwa?" Ya hau, ya zauna. "Ka riƙe na baya, ni in riƙe na gaba. Mutum ɗaya ya ishi marayu biyu."

Amarya ta kai wa mai wankin hoto a Magariya, ya fitar mana da guda biyu, nawa ta sa ya juya shi. Yana rataye a zaurena. Wani tela da ya zo gaisuwa ya lura maɓallan rigar suna ɓangaren mata, na ce masa haka sojan Faransi ke yi a lokacin yaƙi don su rikita Jamus, ya tafi da wannan ilimi. Kumandan dai na sallame shi daga labarina, tunda uwargida na iya jiyowa daga tsakar gida.

Addu'a kuma yanzu ta ɗan ƙara tsawo. In na roƙa wa mahaifina gafara, fuskar nan ce dai ke zuwa, ban kuma kore ta ba. Sai in ƙara da mai fuskar, ko ɗan wace ƙasa ne. Nasara sun zaunar da shi a kan akwati sun ce ya yi murmushi, bai san zai yi wa wani ɗan Yekuwa aikin uba shekara saba'in ba, ko sau ɗaya kuma bai mare ni ba.