Farfesa Sa'adatu ta rasu, kunun kanwa kuma yana nan a fulas

Da safen nan, ina shanya kayan makaranta, Mama ta ce min Farfesa Sa'adatu ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban saba rubutu a nan ba, ku yi haƙuri da ni.

Farfesa ta ƙare rayuwarta tana binciken yadda zuciya ke aiki, musamman zuciyar mace bayan haihuwa. Tun tana Najeriya take bin asibitoci tana auna masu jego, har aiki ya kawo ta Doha. Ta sha faɗa cewa idan zuciyar mai jego ta yi rauni, kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi ƙara mata nauyi suke yi.

Ni dai maƙwabciyarmu ce a Al Rayyan. Ita ta koya min biology a teburin kicin ɗinta. Idan na kasa ba da amsa ba ta faɗa, sai ta turo min dabino ta jira.

Ganinmu na ƙarshe, sati biyu da suka wuce, yayata Maryam ba ta daɗe da haihuwa ba. Farfesa ta kama yatsana ta danna a nata ƙwaurin.

"Haka za ki yi wa yayarki. In wurin ya loɓa bai taso ba, ko in ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti. Na san ke da kunya, 'yata. Ranar nan ki ajiye kunyar a gida."

Yau da hantsi mun je ta'aziyya, kuma abin da na gani ya tayar min da zuciya.

Gwaggona ta fi kowa kuka. Ta sa hoton Farfesa a status, ta rubuta wai ilimi ya tafi. Ita ce fa ranar sunan jaririn Yaya Maryam ta ce a kan Farfesa, "Boko ne ya cinye ta. Mu haka aka yi mana, ga mu nan garau." Mata suka yi ta dariya. Yau duk suna nan a falon, kowa na cewa uwarta ce.

Hawayen bai bushe ba Gwaggo ta juyo wurin Mama: "Maryam ta shanye kunun da na aika? A ƙara kanwa, kumburin nan zai sauka."

A falon Farfesa. Kusa da littattafanta.

Na ji haushin kaina da na ƙyale maganar ta wuce. Na fita na hau Metro zuwa Mansura, unguwar su Yaya Maryam. Na tarar da Yaya Maryam a zaune, ta jingina da filo uku, fulas ɗin a gefenta. Ta ce, "Auta, gajiya ce kawai." Na danna ƙafarta. Wurin ya loɓa, bai taso ba.

Na kira mijinta, direba ne, yana kan aiki. Ya ce in bari sai magariba.

Ban taɓa yi wa babba musu ba. Na ce, "A'a, Yaya Sani. Yanzu."

Ya ce, "To, yalla, ku shirya, ga ni nan."

A asibiti an ba ta gado, an sa mata oxygen. Likitar da ta duba ta ta tambayi wanda ya koya min danna ƙafa. Da na faɗi sunan, sai ta dakata da rubutu. Ta ce da takardun binciken Farfesa aka koyar da su. Ba ta ma san ta rasu ba, ni na gaya mata.

Daga barandar asibitin nake rubuta wannan, jaririn yana barci a kafaɗata. Kunun kuwa na zubar.

Allah Ya gafarta wa Farfesa, Ya haskaka kabarinta, Ya sa iliminta ya bi ta da lada. Don Allah ku sa ta a addu'a, ku haɗa da Yaya Maryam. Har yanzu ba su bari na shiga wurinta ba.