Ruwan da Lantana Ta Sha da Tsakar Azumi

Wata rana cikin azumin da ya faɗo lokacin zafi, Tabawa mai daddawa ta zaga bayan rumfarta a kasuwa neman tsintsiya.

Sai ga maƙwabciyarta, Lantana mai kuka, a tsugune, ta kafa kai a jarka tana kwankwaɗar ruwa.

Ko azahar ba a kira ba.

Tabawa irin matan nan ce da ba a yi wa tayin banza, bakinta kuma ba shi da linzami. Dama tana cike da Lantana. Kullum sai Lantana ta ce, "Yaya, duba mini rumfa zan zaga." Ta dawo, ta sha ruwa, ta sake zagawa.

Sai ta buɗe murya: "Jama'a, ku zo ku ga mai azumin jarka!"

Mahauta suka leƙo, 'yan dako suka kwashe da dariya. Lantana ta ja mayafi ta rufe fuska.

Washegari ta zo kasuwa ba jarka. Ta ɗauki azumi.

Kafin la'asar ta zube a kan buhun kukarta, leɓe a bushe, ba ta san wanda ke kanta ba.

Tabawa ce ta tallafe ta a cikin adaidaita har asibiti.

Bayan an ɗaura mata ƙarin ruwa, likita ya fito ransa a ɓace. Ya ce tun tuni shi da bakinsa ya hana ta azumi.

Ya ce akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aikawa ta cikin jini, shi ke ce wa ƙoda ta riƙe ruwa idan jiki na buƙata. Shi ya sa mai azumi ke wuni fitsarinsa kaɗan. Ita kuwa tun da ta faɗo daga babur ta bugu a kai, aiken nan ya daina isowa. Ƙodarta zubarwa kawai take yi. In ba ta sha ba, bushewa za ta yi har ta mutu.

Tabawa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da Lantana ta farfaɗo, Tabawa ta matsa bakin gadon, ta kasa haɗa ido da ita.

"Lantana, me ya hana ki gaya mini?"

"Yaya, ai ba ki tambaye ni ba. Kasuwa kika tara mini."



Tun daga nan Tabawa ce ke cika mata jarkar nan da safe. Ta ɗaura tsohon zanenta a bayan rumfa ya zama labule, don Lantana ta riƙa shan ruwanta ba wanda ya gani. Har azumi ya wuce, in mahauta sun gaishe da Tabawa, ƙasa take kallo.

Darasi: In kin ga mutum ya kauce wa abin da kowa ke yi, ja shi gefe ki tambaya kafin ki tara masa jama'a. Ciwon wani a cikin jiki yake, ido ba ya kai wa can.

Ku tura wa 'yan'uwa. Wannan kam kyauta na ba ku, ni da ban saba ba da abu kyauta ba.