Layi Huɗu a Jaridar Turanci

Ranar Talata ce, shekarar da aka dawo da siyasa. Da hantsi muna zaune a bakin zaurenmu, kusa da Ƙofar Doka, inda haske ya fi kyau. Ni ina ɗinkin hula. Yayana Sule yana ƙarasa ɗinkin adon aska takwas a rigar wani Alhaji. Wata huɗu yana kanta.

Gab da azahar muka ji ganga. Bayan ganga, fashewar gilashin mota. 'Yan bangar jam'iyyu biyu ne suka haɗu a bakin titi. Mu ko katin jam'iyya ba mu da shi.

Wani ya wuce a guje. "Ku shige! Ku sa sakata!"

Muka shige. Zan sa sakata, sai Yaya ya ce riga tana kan tabarma. A sana'armu ba a barin rigar mutane a waje, ko gobara ake yi. Haka Baba ya koya mana. Na riƙe shi, ya fizge.

Da ya sure ta kawai, da ya tsira. Sai ya tsaya ninke ta, don kada aikin ya taɓa ƙasa. Wani ɗan banga ya iso kansa da adda. Na ji sara ɗaya, kamar an sari rake. Bai yi ihu ba.

Suka cinna wa rumfar maƙwabcinmu wuta. Na jawo Yaya ciki, na ɗaure masa hannun da aka sara da rawani. Na tsallakar da Inna da matar Yaya ta katangar baya. Muka bi lungu-lungu, muka haura ta inda ganuwa ta zube. La'asar ta same mu a hanyar Wusasa, Yaya kwance a amalanke.

Bayan an ɗinke shi a asibiti, Malam Yohanna, malamin makarantar da muke yi wa huluna, ya sauke mu a gidansa. Kwananmu tara.

Rana ta uku ya kawo jaridar Turanci. Layi huɗu aka ba mu. Babu sunan Yaya, babu sunan unguwa, babu wanda aka kama. Ya ɗora yatsa a kan kalma guda, mayhem, ya ce abin da suka kira shi ke nan. Na ce ya fassara. Ya ce hargitsi. Na ce hargitsi ai ko a bakin famfo ana yi.

Ya ɗauko ƙamus, ya daɗe yana dubawa. Ya ce daga tsohon Faransanci ta shigo, ta bakin alƙalai. Asalinta laifin nakasa mutum ne, a raba shi da gaɓar da yake kare kansa da ita. Da can hukunci gare ta. Yanzu ko yara suka cika aji da surutu ana faɗinta.

Na ce to a mayar mana da ita yadda take, a kamo mai addar. Ya rufe ƙamus, ya ce, "Sai haƙuri, Malam Garba."

Yatsu huɗu suka tafi a hannun dama. Yaya ba ya son a ga yana ci da hagu, sai dai a kai masa ɗaki. Da mu shida muke sa hannu a akushi ɗaya a zaure. Yanzu mu biyar ne.