Iri Daban, Na Ci Daban

Ina da jikoki biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tambuwal, ban kuwa fita ba sai da na zama mai koyarwa. Ajinmu na da wata 'yar kwamfuta, ba ta fi sabulun wanki ba. Da ita muke ɗaukar muryar kowace mace ranar da ta fara haɗa baƙi. In ta karaya, sai mu kunna mata ta ji inda ta taso.

Ran nan kwamfutar ta ƙi tashi. Na kai ta wurin wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya goge memorin, ya zuba mata sabon tsarin da take tashi da shi. Ta tashi garau, amma babu murya ko ɗaya. Har da ta wata Bafulatana daga wajen Fakku, wadda ta rasu da kaka. Mijinta ya zo don ya ji karatunta, babu abin da zan kunna masa.

Muka sake tara muryoyi daga farko. Na sayi faifan ajiya na waje, mai kebul, na koma wurin mutumin na ce a kasa min shi biyu.

"Inna, wahala ta banza," in ji shi. "A zuba komi wuri guda. Kuma wanga ba aikinki na ba."

"Kai, injiniya, gidanku ba a noma? Ubana a Jabo bai taɓa haɗa iri da hatsin ci ba. Ko tuwo ya yanke, iri na rataye daban. Matsa. Kai ka faɗi, ni ka dannawa."

Masu cajin waya suka kwashe da dariya. Na zauna kan bencinsa, na sa tabarau. Sunaye biyu suka fito a allonsa, kusan iri ɗaya: memorin da ke ɗauke da sababbin muryoyinmu, da faifan.

"Ki taɓa wanda ba shi ba, kin share su da hannunki," ya ce. "Kada ki ce ni na."

Na ƙura wa sunayen biyu ido. Sai na tuna yadda ake gane ɗan akuya a garke: janye uwar, ka ga mai kuka. Na zare kebul ɗin, suna ɗaya ya ɓace. Na mayar, ya dawo.

"Ga shi nan," na ce.

Na yanka wa faifan ƙaramin kaso na tsarin kwamfuta, babban kuma na muryoyi. Da aka nemi sunan babban, na rubuta iri da yatsa ɗaya. Na kwashe muryoyin zuwa can, na saurare su ɗaya bayan ɗaya, mai gyaran yana ta hamma.

Da damina wutar sola ta yanke muna tsakiyar aiki, kwamfutar ta sake ƙin tashi. Na koma, na tsaya a kansa, na nuna ƙaramin kason na ce nan kaɗai za a goge. Da ta tashi na buɗe iri. Muryar wata tsohuwa daga Sanyinna ta cika rumfar, tana in'ina kan sunanta.

"Inna, ashe kin iya," ya ce.

"Ƙara mata sauti," na ce. "Na bayan can ba su ji ba."