Ranar da Inna Ta Sa Yaya Isufu a Rumbu

Ƙarar tsani ce ta fara komai. Wata Laraba da hantsi, kaka ta biyu bayan samun 'yancin ƙasa, ina ɓarar gyada a gindin kurnar gidanmu a Mayahi, sai na ji ƙwas, an jingina tsani a jikin rumbun hatsi. Gabana ya faɗi, don a gidanmu Baba kaɗai ke buɗe rumbu, shi kuwa tun da sassafe ya kora jakuna da buhunan gyada zuwa wurin awo. Da na leƙa, Inna na gani riƙe da ƙafar tsani, yayana Isufu a sama yana ɗaga murfin.

Isufu yana da shekara goma sha biyar, ya ci jarrabawar satifika ta gama firamare, kuma daga filin lakwal, wato makarantar boko, har dandalin gari babu sa'ansa da bai kai ƙasa ba. Malaminmu Abdu, da muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya aika takarda Maradi a kansa. Aka ce wani ma'aikacin wasanni zai zo ya ga kokawar yara da idonsa, wanda ya zaɓa a ba shi gurbi a kwaleji, ci da kwana da littattafai duk na gwamnati. Ranar Talata baƙon ya iso, ya jera yaran, ya auna ƙirjinsu da zare mai lamba, ya rubuta sunaye. Wata maƙwabciya ta gani, ta kawo wa Inna labari. To haka aka yi wa ƙanen Inna, Kawu Ilu, zamanin Faransa, awon ƙirji da rubuta suna, aka sa shi a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa soja, ko rigarsa ba ta dawo ba.

Isufu ya yi bayani har da hawaye. Inna, da ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, cewa kawai ta yi, "Wancan babu inda za shi." Mai kayar da ƙarti ya sunkuyar da kai ya shige rumbu, ta hau da kanta ta rufe. Sannan ta riƙe kunnena: "Dije, kowa ya zo, ki ce ya bi Babanku. In kika buɗe baki, ke kika kashe shi."

Na koma kan gyada. Ina tsoron kamiyo, ina tsoron Inna, ina tsoron wutar da malamin allo ya ce tana jiran maƙaryaci. Rana ta take, rumbu ya ɗauki zafi, ina jin tarin Yaya daga ciki saboda ƙaiƙayin gero. Da gangar kokawa ta tashi daga filin lakwal, tarin ya ragu. Can sai ya ɗauke gaba ɗaya.

A lokacin ne Mushe Abdu ya yi sallama. Inna ta shige ɗaki. Ya durƙusa gabana ya ce, "Dije, ke ba ki ƙarya. Ina yayanki?" Ni kuwa kunnena na wajen rumbu. Shirun nan ya fi mini kamiyo ban tsoro. Ban san sa'ad da na ruga na rungume ginin ina ihu ba: "Yaya! Yaya, ka yi tari!"

Mushe ne ya hau ya jawo shi, jikinsa laƙwas, fatarsa duk ta yi ruɗu-ruɗu. Muka sheƙa masa ruwan randa har ya buɗe ido. Mushe ya je bakin ƙofar ɗaki ya cire hula ya ce, "Inna, wallahi ba soja ba ne, karatu ne. In ƙarya nake, ki tsine mini." Daga nan muryarta ta fito daga ɗaki: "Ku ba shi fura tukuna."

Yana susa ya shiga fili. Ya ka da biyu, na uku ya ka da shi, amma baƙon ya ja layi a ƙarƙashin sunansa. Baba ya dawo da la'asar ya dangwala yatsa a takarda. Kamiyon kuwa ya zo ya ɗauke shi. Inna ba ta sake yi mini dariya ba sai hutun farko, ranar da ya sauko da akwatin ƙarfe, ta shafa kafaɗunsa tana ƙirga yatsunsa kamar jinjiri. Shi ne daga baya ya tsaya kai da fata har ni ma na shiga kwaleji.

Yanzu ta waya ake tura hoton kokawar yaro, amsa ta zo kafin tuwo ya nuna. Makon jiya aka kira jikana Bashir gwaji a Yamai. Na yi karatu, na san ba soja ba ne, amma ina shirya masa jaka sai na ji gabana na faɗuwa irin na ranar nan. Allah ya jiƙan Inna, sai yau na gane ta. Bashir ya kalle ni, ya yi murmushi ya ce:

"Kaka, ki yi haƙuri, gidan nan babu rumbu."